Daga ɗakin CT zuwa kyamarar gamma: a ina zan karanta fiziks ɗin?

Rabi'u: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Aikina ɗaukar hoton X-ray da CT, yanzu kuma an sa sunana cikin waɗanda za a tura sashen likitancin nukiliya. Fiziks ɗin da na yi a jami'a bai wuce bututun X-ray da kV da mAs, wato saitin ƙarfi da yawan hasken X-ray, ba. Wane kwas ko littafi ne zai ɗora ni a hanya ba tare da na ajiye aiki ba? In yana ba da makin sabunta lasisi ma, to alhamdulillahi.

Hajiya Zulai: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, Rabi'u. Kafin maganar littafi, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka. A CT, da ka saki maɓalli radiyeshin ya ɗauke. A nan kuwa cikin sirinji yake, daga nan ya koma jikin majiyyaci, har cikin fitsarinsa, kuma babu maɓallin kashe shi. Agogo kaɗai ke rage shi. Teknishiyam-99m, wanda da shi ake yin yawancin hotunanmu na ƙashi da ƙoda da zuciya, ƙarfinsa na raguwa da rabi duk awa 6. Duk karatun da za ka yi, a kan wannan zai hau.

Malam Bala: Gaskiya ne Hajiya. Rabi'u, fara da na kyauta. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar da littafin fiziks na likitancin nukiliya domin malamai da ɗalibai a 2014, ana sauke shi kyauta a shafinsu. Yana da nauyi, don masu fiziks aka rubuta shi, saboda haka kada ka ce sai ka bi shi daga bango zuwa bango. Ɗauki babin na'urorin gano radiyeshin, da na kyamarar gamma (na'urar da ke ɗaukar hoto daga radiyeshin da ke fitowa daga jikin majiyyaci), da na kariya. Sauran ka bar su sai buƙata ta taso.

Maman Ilham: Ni dai littafin nan ya yi mini tsauri a farko, Malam. Wanda ya buɗe mini kai shi ne na Cherry da Sorenson da Phelps, bugu na huɗu na 2012. Bayaninsa a kan kolimeta, wato farantin dalma mai ramuka da ke gaban kyamara, da yadda ake haɗa hoton SPECT, wanda kyamara ke ɗauka tana zagaya majiyyaci, ya fi sauƙin shiga. Sai dai na kuɗi ne, a duba ɗakin karatu na asibitin koyarwa tukuna.

Malam Bala: Na yarda, ya fi daɗin karatu. Sannan akwai Human Health Campus, shafin karatu na IAEA, da shirinsu na DATOL da aka tsara musamman domin ma'aikatan da ke riƙe da kyamara, ana karatu daga nesa ana gwadawa a wurin aiki ƙarƙashin wani babba. Ƙungiyar likitancin nukiliya ta Turai, EANM, ita ma tana da ƙananan littattafan jagora na ma'aikata, kyauta.

Rabi'u: Na gode ƙwarai. To batun maki fa?

Auwal Zariya: Wannan sai ka tambayi RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton X-ray ta Najeriya, kai tsaye kafin ka biya ko sisi, su ne masu cewa wane kwas suke ƙirgawa. Kada ka dogara da abin da mai sayar da kwas ya rubuta a tallarsa.

Hajiya Zulai: Ku yi haƙuri in ɗan tsawaita a nan, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maki haƙƙinka ne, ka nema. Amma ana samun mai takardu jingim wanda in ka ce masa an ja allurar teknishiyam mai ƙarfin 740 MBq (ma'aunin ƙarfin radiyeshin) da ƙarfe 8 na safe, majiyyaci bai iso ba sai 11, nawa ya rage, sai ya tsaya yana kallonka. Amsar kusan 523 ce, da ƙarfe 2 na rana kuma 370. Wanda bai iya wannan ba, ko dai ya yi wa mutum allurar da ba ta isa ba hoto ya fito da dusu-dusu a sake kiransa, ko ya zarce ya ɗora masa radiyeshin da bai kamata ba. Kuma ka riƙe cewa 1 mCi, wato tsohon ma'auni, daidai yake da 37 MBq, domin har yanzu za ka ga takardar da aka rubuta da ɗaya, na'urar awo kuma tana nuna ɗayan.

Sai janareta, wato na'urar da ake tatso teknishiyam daga cikinta. Molibdinam-99 da ke cikinta rabinsa na tafiya duk awa 66, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowace awa. Daga waje ake kawo mana ita, Afirka ta Kudu na cikin ƙasashe ƙalilan da ke sarrafa shi, a Pelindaba. Duk kwanan da ta yi a hanya, majiyyata ne suka ragu a jerinka. Bayan mako guda abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa ake jera masu buƙatar allura mai ƙarfi, irin hoton ƙashi da zuciya, a farkon mako.

Injiniya Sabo: Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, ka nemi a bar ka ka riƙa tsayawa wajen gwajin safe. Kafin majiyyaci na farko ana duba ko kyamara na kan 140 keV, wato ƙarfin hasken da teknishiyam ke fitarwa, a ɗauki hoton fili a ga ko ko'ina ya yi daidai, a gwada na'urar awon allura da siziyam-137. IAEA na da kundin hotunan kurakuran kyamara, na 2003. Ka ajiye shi kusa da kai, duk tabon da ka gani a hoton safe ka nemo ɗan'uwansa a ciki. Kuma a yanayinmu ka kula da zafin ɗaki. Kiristal ɗin sodiyam ayodaid da ke kan kyamara ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, tsagewa yake yi. Wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, a dawo a ƙure sanyi, to ana wasa da kayan miliyoyi.

Maman Ilham: Da rigar dalma kuma, Injiniya. Mu 'yan X-ray mun saba ganinta a matsayin garkuwa. A kan teknishiyam tana ɗan ragewa, amma a kan 511 keV na PET (wani nau'in hoton nukiliya) ko 364 keV na ayodin-131 amfaninta kaɗan ne, sai nauyi da rage saurin aiki. Nisa, gaggawa, da kariyar sirinji su ne abin yi. Ka nemi bajin auna radiyeshin na yatsa ban da na ƙirji, don hannu ne ke shan mafi yawa.

Issoufou Yamai: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan sashen likitancin nukiliya yana Cibiyar Radiyo-Izotop ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ga wanda ke jin Faransanci ƙofa ce, don ana samun horo a ƙasashen Magrib da Faransa. Shawarata ga ƙanena Rabi'u, karatu daga nesa ba ya maye gurbin zama a sashen da ke aiki kullum.

Auwal Zariya: Haka ne Malam Issoufou. A gida akwai asibitin koyarwa na UCH Ibadan, da suka buɗe nasu a 2006, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ka sa shugaban sashenku ya rubuta a karɓe ka na ɗan lokaci. Tallafin horo na IAEA kuma ba a nemansa kai tsaye, wurin aikinka ne zai gabatar da kai ta hannun NAEC, hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. A ɓangaren kariya da dokoki, ka bibiyi NNRA, hukumar kula da dokokin nukiliya ta Najeriya, da CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya.

Rabi'u: Wani ya ce mini in nemi digiri na biyu a Italiya.

Malam Bala: Na fiziks na asibiti da cibiyar fiziks ta ICTP ke yi tare da Jami'ar Trieste yake nufi. Shekara 2 ne, ta farko aji, ta biyu asibiti, amma masu digiri na biyu a fiziks suke ɗauka. Makarantar kimiyyar nukiliya ta SNAS ta Jami'ar Gana, da ke aiki tare da hukumar nukiliyar ƙasar tun 2006, ita ma tana yaye masu fiziks na asibiti. Wannan sauya layi ne gaba ɗaya. In kyamara kake son riƙewa da kyau, ba sai ka je can ba yanzu.

Rabi'u: Kyamarar nake so, Malam. Allah ya saka da alheri. Hajiya, in na yi lissafi zan iya turo miki ki duba?

Hajiya Zulai: Turo nan zaure kowa ya amfana. Ga na farko: kana buƙatar 555 MBq na teknishiyam da ƙarfe 12 na rana, amma da ƙarfe 9 za ka ja allurar. Nawa za ka ja? Injiniya, kada ka ba shi amsa.