Ni ina son farin falo, maigida yana son kujerun sarauta: ku ba ni shawara

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Nan da wata biyu za mu koma wani gida, na haya ne, kuma ina so wannan karon in tsara falona da kyau maimakon tarkacen da muka yi ta tarawa shekara tara. Falon mita 4 ne da mita 5, taga ɗaya ce babba tana kallon yamma, ƙasa farin tayil. Mai gidan ya yarda mu yi fenti, amma ban da fasa bango. Ni raina ya kwanta da irin wanda nake gani a Pinterest, farin bango, kaya kaɗan, katako mai haske, wanda suke cewa salon Sikandinebiya. Maigida kuma ya kafe shi kujerun royal yake so, masu sassaƙa da ruwan gwal, da labule mai nauyi, wai su ne kujerun mutunci. Yara uku gare mu, babbar shekararta 7, ƙaramin ko biyu bai cika ba. Gaskiya ma sunayen salon sun ruɗa ni, minimalis, boho, Japandi, ban san bambancinsu ba. Wanne zai dace da mu, kuma yaya zan shawo kansa ba tare da rigima ba?

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Farar kujera da yaro ɗan shekara biyu? 'Yar uwa Allah ya ba ki haƙuri tun yanzu. Na yi, wata huɗu na saya mata riga ruwan toka na rufe.

Anti Mai Zane: Ƙanwata, zanen gine-gine na karanta, bari in ɗan yi tsawo. Kowane salo da kike gani akwai matsalar da aka ƙirƙire shi don ya warware, kuma idan kin san matsalar za ki gane ko ta shafi falonki.

Na Sikandinebiya daga Danmak, Suwidin, Norwe da Finlan ya fito. A Stockholm, babban birnin Suwidin, cikin watan Disamba, hasken rana na kamar awa shida ne kawai a yini. Mutanen da ke zaune cikin duhu haka dole su yi farautar haske: farin bango don ya mayar da shi cikin ɗaki, katako mai haske, labule shara-shara ko ma babu, fitilu ƙanana a kowace kusurwa. Duniya ta san salon sosai ne bayan wani baje koli da ya zagaya Amurka da Kanada daga 1954 zuwa 1957, daga baya kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya kai shi gidajen masu ƙaramin ƙarfi. To ke tagarki yamma take kallo. Daga la'asar rana za ta shigo miki kai tsaye, ga farin tayil a ƙasa. Idan kika ƙara farin fenti tas a bango, falon zai riƙa kashe ido, kuma abin da ya burge ki a hoto ba za ki same shi ba. Abin da ya kamata ki ɗauka daga wurinsu shi ne sauƙin kaya da katako da rashin cunkoso. Farin kuwa ki karya shi, ki nemi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske sosai.

Minimalis ɗan uwansa ne amma ya fi shi tsauri. Ya sha nono wurin makarantar zane da gine-gine ta Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, wadda aka rufe a 1933, kuma shugabanta na ƙarshe, Mies van der Rohe, shi ake jingina wa maganar nan cewa kaɗan ɗin shi ne yawa. Abin da hoto ba ya nuna miki shi ne masu irin wannan falon ba rashin kaya ne da su ba, wurin ɓoyewa ne da su. Kabad ne shafe da bango daga ƙasa har silin. Ke da ba za ki taɓa bango ba, ga kayan wasan yara uku, idan kika ce sai shi za ki wuni kina tsince-tsince.

Japandi sunan ma haɗi ne, Japan da Sikandinebiya. Kaya ƙasa-ƙasa, katako mai ɗan duhu, launin ƙasa da na dutse, kuma ba a damuwa idan abu ya ɗan tsufa ko ya sami tabo, wannan daga tunanin Japanawa ne da suke kira wabi-sabi. A ganina ya fi farin Sikandinebiya dacewa da gida mai yara. Boho kuwa kishiyar minimalis ne, launuka da yawa, darduma kan darduma, kwanduna, shuke-shuke, matasai ko'ina. Yana da daɗin zama amma sai mai ido, in ba haka ba ya koma kamar shagon gwanjo.

Sai na maigidanki. Kada ki raina shi, salon yana da asali. Daga fadojin Turai ne na ƙarni na 17 da na 18, musamman Faransa zamanin Luwi na 14 da na 15. Amma ki duba inda aka yi shi dominsa: zauren madubai na fadar Versailles tsawonsa mita 73, tsayin rufinsa ya haura mita 12, madubai 357 ne a ciki. Sassaƙa da gwal suna son fili, a hango su daga nesa. A falo mai murabba'in mita 20 sai su danne mutum.

Maman Afnan: Kai Anti, Allah ya saka da alheri. Maganar tagar nan ko kusa ba ta zo min ba. Amma idan na ce masa falonmu ba fada ba ne ai na jawo wata rigimar.

Malam Kafinta: Hajiya ba sai kin ce masa komai ba, ki bar tef ya yi magana. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a sana'armu ido yana yaudara, domin a wurin sayarwa fili ne babba, kowace kujera ƙarama take zama. Saitin royal mai zaman mutum bakwai, doguwar takan kai mita 2 da ɗan wani abu a tsawo, zurfinta daga baya zuwa gaba kusan mita 1 saboda kan nan mai lanƙwasa da ba ya bari ta manne da bango. Ki sa ɗaya nan ɗaya can a faɗin mita 4, saura mita 2 a tsakiya. Teburin tsakiya ya ci santimita 60, kuma ana so a bar kamar 40 zuwa 45 tsakaninsa da kujera don ƙafa. Hanyar wucewa kuma tana son 75 zuwa 90. Ki lissafa da kanki. Ku je gidan tare, ku tafi da tsofaffin jaridu, ku shimfiɗa a ƙasa daidai girman kowace kujera, sannan ki ce ya bi ta tsakiya ya je ƙofar ciki. Na sha yi wa masu kawo min aiki haka, da bakinsu suke cewa a rage. Kuma ku auna faɗin ƙofar shiga, na taɓa ganin kujerar da ta kwana a waje.

Hajiya Babba: Ni dai ban yarda a taru a kan bawan Allah ba. Shi ma gidansa ne, shi ma yana da baƙin da yake so su shigo su ga ya isa. Kujerun royal ɗina shekara goma sha ɗaya ke nan, sau ɗaya na canza musu yadi, katakon ko gezau. Waɗannan sirara na zamani da kuke yayi, yaro ya yi tsalle a kai sau uku ƙafa ta karye. Kuma falon da babu komai a ciki ni kamar ɗakin jiran likita nake ganinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ummu Sultan: Hajiya ki faɗi gaskiya, wa yake goge ƙurar da ke shiga cikin sassaƙar? Sai da buroshin haƙori fa.

Hajiya Babba: Ana gogewa mana. Farar kujerarki da kika rufe da riga fa, wa ya gan ta?

Anti Mai Zane: Hajiya tana da gaskiya a abu ɗaya, ƙarko daga katako da haɗi yake, ba daga salo ba. Akwai royal ɗin da ruɓaɓɓen katako ne aka lulluɓe da gwal, akwai siririyar kujerar da za ta yi shekara hamsin. Kujerar hutawa da masu zanen kayan ɗaki Charles da Ray Eames suka fitar a 1956 har yau ana ƙera ta.

Maman Afnan, ki tambayi kanki me maigida yake nufi da mutunci. Ina zargin ba sassaƙar ce ta dame shi ba, so yake falon ya yi kwarjini, kada ya zama kamar ɗakin ɗalibai. Idan haka ne akwai salon da zai haɗa ku, Art Deco. Sunan daga baje kolin Faris na 1925 ya samo asali, ki nemi hoton cikin ginin Chrysler na New York ki gani. Yana da gwal, yana da karammiski, yana da madubi da katako mai duhu, amma layukansa a miƙe suke, babu furanni da ganyayyaki da aka sassaƙa. Ga yadda zan yi da ni ce: doguwar kujera ɗaya mai sauƙin fasali, launin da ke ɓoye datti, mai ƙafafu a ɗage daga ƙasa irin na salon tsakiyar ƙarni na 20, saboda idan ido yana ganin ƙasa a ƙarƙashin kaya ɗaki yakan ƙara faɗi, tsintsiya ma ta shiga. Sai kujeru biyu na zaman mutum ɗaya, na karammiski kore mai duhu ko shuɗi mai duhu, da ɗan zaren gwal a ƙafa. Waɗannan nasa ne, ki bar shi ya zaɓa da kansa. Madubi babba mai bakin gwal a bangon da ke gefen taga, ba wanda ke fuskantarta ba, don kada ya watso muku ranar yamma a ido.

Wajen launi akwai ƙa'idar da masu ado ke bi, 60, 30, 10. Kashi 60 launi mai sanyi na bango da manyan abubuwa, 30 na kujeru da labule, 10 na ƙyalli. Gwal a goman nan yake. Da ya wuce haka ya daina zama ado.

Baban Yusra: A matsayina na namiji, shawarar kujeru biyun nan ta yi. Mu dai a ba mu wurin da za mu ce nan ne wurina. Abin da zan ƙara na fitila ne, don aikin wayarin nake yi. Mutane suna kashe kuɗi a fenti da kujeru sannan su sa ƙwai ɗaya fari fat a tsakiyar silin, komai ya koma kamar ofis. Ki duba jikin kwalin ƙwan, akwai lamba da harafin K. Mai 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi, mai 2700 zuwa 3000 shi ne mai ɗumi, shi ke fito da kyan katako da gwal. Ki sami fitila ta tsaye a kusurwa da wata ƙarama a kan tebur, duk na soket ne, babu fasa bango.

'Yar Auta: Anti ni salon masana'anta nake so, bulo a fili da baƙin ƙarfe. Ba zai yi mata ba?

Anti Mai Zane: A'a ƙanwata. Wannan masu zane-zane ne suka fara shi a unguwar SoHo ta New York wajen shekarun 1960, da suka tare a tsofaffin masana'antu masu dogon rufi da manyan tagogi saboda araha. Bulon da bututun dama can suna wurin. A falon haya sai dai ki manna takardar bango mai hoton bulo, kuma kowa zai gane. Ga kaifin ƙarfe ga yaro mai koyon gudu.

Ummu Sultan: Tunda an zo maganar yara: fentin da ba ya sheƙi ya fi kyau a ido amma ba ya son guga, ki sayi mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Teburin tsakiya ki nemi mai zagaye, ban da gilas. Duk wata kanta ko durowa mai tsayi a ɗaure ta da bango, yara suna hawa tana faɗo musu, wannan ƙusa biyu ce kawai, ki roƙi mai gidan. Kuma kada ki saya duka rana ɗaya. Ki shiga da kujeru da labule, ki zauna wata guda, falon da kansa zai nuna miki abin da ya rage.

Maman Afnan: Na dawo da labari. Jiya mun je da jaridu kamar yadda Malam ya ce. Da muka shimfiɗa na mutum bakwai, sai da ya taka takarda sau biyu kafin ya kai ƙofar ciki, ya tsaya ya yi shiru, can ya ce wai dama falon ƙarami ne haka? Ban ce uffan ba. Na nuna masa hoton koren karammiski da gwal, ya ce wannan ai royal ce ta 'yan boko, amma ya yarda, da sharaɗin kujerarsa ta zama mai dogon baya. Mun kai har ƙarfe biyar a can, kuma Anti gaskiyarki, ranar da ke shigowa ba ta wasa ba ce, na haƙura da farin. Na shafa ruwan madara kala biyu a bango zan koma in gan su da safe da dare. Saura labule: shi har yanzu mai nauyi yake so, ni kuma mara nauyi.

Anti Mai Zane: Wannan kam ku yi duka biyun, tagar yamma tana bukatarsu. Shara-shara a ciki don rana, mai kauri a kansa don la'asar, amma mara ado, launi ɗaya da ya ɗan fi bango duhu. A kafa sandar sama da tagar da aƙalla santimita 15, ko ma kusa da silin, ta zarce gefe da gefe kamar 20, labulen ya sauko har ya kusa taɓa tayil. Faɗin yadin ya ninka na tagar sau biyu don ya yi ninki. Ki turo mana hoton fentin na safe kafin ki saya.