Wane suna za mu ba zanen da ba ya kama da komai?

Jama'a, ina neman taimako a kan kalma ɗaya. Tun da kundin mulki na watan Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kamata mu daina aron baki a abin da muke iya faɗa da namu. Kalmar ita ce abstrait, wadda Faransawa ke kiran zanen da ba ya nuna mutum, ko doki, ko gida, sai launi da layi da siga kawai. Wata ƙanwarmu a nan Maradi tana irin wannan aiki, rabi da fenti, rabi da rini, kuma tana son ta rubuta bayanin aikinta da Hausa. Ga abin da aka kawo zuwa yanzu.

Wani ya ce "zanen ruɗani". Wannan zagi ne, mu wuce. Wani malami daga Tibiri ya ce "zanen tunani", amma ai mai zana raƙumi ma sai ya yi tunani. "Zane marar siffa" ya fi samun magoya baya, sai dai ƙarya ce ƙarara: da'ira siffa ce, murabba'i siffa ne, kuma da su aikin yake cike. An kawo "zayyana", kalma mai daɗi, amma zayyana ado ce da ake yi wa wani abu, allo ko bango ko gefen takarda, shi kuwa wannan zane kansa yake tsaye. "Zanen zaurance" ya ba ni dariya kuma ya kusa, illarsa ita ce zaurance yana da mabuɗi, wanda ya iya shi zai mayar maka da maganar daidai. Nan babu wata magana da aka ɓoye.

Shawarata ita ce mu bar kallon abin da zanen ya rasa, mu dubi abin da hannun mai yin sa yake yi.

Ita ƙanwar tamu da abu na zahiri take farawa. Ta ce mini ta zana Gulbin Maradi lokacin rani, yashi da kufan ruwa da ramukan masu lambu. Sai ta sake zanawa ta cire itatuwa. Ta sake, ta cire mutane. A ƙarshe abin da ya rage layi ne guda mai lanƙwasa da ɗige-ɗige a gefensa. Wannan layin take bi da allura a kan farin yadi, ta ja zaren ya tattare, ta ɗaure tamau, sannan ta kai marina. Ruwan baba ba ya shiga inda aka matse. Yadin yana fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, kuma yawan tsomawa ne ke sa shi duhu. In ta warware zaren, launin yakan ɗan tsallake iyaka, ta bar shi haka, wani lokaci ma daga wannan tsallaken take samun zane na gaba. Dattijon da ke mata rinin ya taɓa ɗaga yadin ya ce, "Ɗiyata, mi ne ne wanga?" Ta ce, "Baba, gulbi ne." Ya ce, "To, kin tace shi."

Daga bakinsa na ɗauka: tataccen zane. Kamar yadda ake tace gasara a zubar da dusa a riƙe abin da ake so.

Kuma ba aikinta kaɗai kalmar ta dace da shi ba. Mondiriyan, mutumin Holan, ya yi ta zana itace daga 1908 zuwa 1912, kowane zane rassan suna ƙara zama layuka, har daga baya ya koma layi miƙaƙƙe da ja da shuɗi da rawaya. A gida ma, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Sunan aska ne, amma ba ƙota, ba kaifi, dogon tsini kawai maɗinki ya bari. Haka dagi, haka zanen da ke jikin ƙwarya da luru da bangayen tsohon Birnin Damagaram. Shi ya sa nake jin haushi in aka ce irin wannan zane ya fara ne da Kandiniski, mai zane ɗan Rasha, wajen 1910. Ko a Turai ma wata mata ƴar Suwidin, Hilma af Klint, ta riga shi tun 1906, balle kakanninmu.

An yi mini suka biyu. Na farko, cewa "tatacce" yakan zo da mugun abu, kamar tataccen ɓarawo. Ban damu ba, ai ana cewa tataccen mai, ana cewa tataccen labari. Na biyu ya fi nauyi: akwai masu zanen da ba su fara da wani abu na zahiri ba. Malebic na Rasha ya shafa baƙin murabba'i a kan farin fili a 1915, to me ya tace? Amsata ita ce zanen kansa ya tace, har ba abin da ya saura sai baƙi da fari. Wanda bai gamsu ba yana da hujja, amma ita ma abstrait ɗin asalinta na Latin "janyewa daga wani abu" ne, kuma Faransawa ba su fasa kiran aikin Malebic da ita ba.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da rai shi ne kalmar tana juyuwa a baki: ta tace, tana tacewa, tatattun zane-zane. Inda na maƙale shi ne sunan mai aikin. "Matacin zane" yana kai hankali ga rariya ko ga ɗaci, "mai tataccen zane" kuma kamar mai sayarwa a kasuwa. Masu ɗinkin hannu da marina da ke cikin zauren nan, yaya kuke kiran wanda ya ƙago sabon zane da kansa, ba wanda ya kwafa ba?