Neman kalma: me za mu kira 'yar gudumar masu haɗa jita?

Kafinta, Yelwa, Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malaman harshe da maƙera. Aikinmu gyaran jita ne, wani lokaci mu haɗa sabuwa, kuma akwai kayan aiki guda da yaran shagona ke kira "biras hama". Ina so in ce "miƙo mini kaza" da Hausa, yaro ya ji ya san abin da ake nufi da dalilinsa.

Ga yadda abin yake. A wuyan jita akwai siraran ƙarafa jere a gicciye, waɗanda ake cewa firet, ana danne tsirkiya a bayansu. Kowanne waya ce mai kai a mulmule da ƙafa siririya mai 'yan ƙayoyi. Ana tsaga katako da zarto siriri, faɗin tsagar ya ɗan ɗara rabin milimita, sai a buga ƙafar ta shige, ƙayoyin su kama. Wayar gami ce ta jan ƙarfe da nikel da tutiya, nikel ɗin yawanci kashi 18 cikin 100. Idan ka buga ta da hamar kafinta ta baƙin ƙarfe, sai ta yi tabo, kuma tabo ɗaya ya isa ya sa tsirkiya ziza duk lokacin da aka taɓa wurin. Shi ya sa ake neman abin bugu wanda bai kai wayar tauri ba, don in za a yi tabo ya tsaya a fuskarsa. Ƙarami ne, giram 200 zuwa 250, sau da yawa fuska ɗaya ƙarfe rawaya, ɗayar roba mai tauri.

Malamin Hausa, Gombe:
Wa alaikumus salam. Abin da zai fara zuwa bakin kowa shi ne "gudumar tagulla", kuma ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar tagulla kanta. A labarin wasanni ana cewa wanda ya zo na 3 ya samu lambar tagulla, wannan kuwa sunan gamin jan ƙarfe da kuza ne aka fassara. Naka jan ƙarfe ne da tutiya, launinsa rawaya. Ga kuma masu kiran jan ƙarfen kansa tagulla. Ƙarfe uku ke nan a ƙarƙashin suna ɗaya. Shawarata a ce "rawayar tagulla" domin a raba gardama.

Dattijo maƙerin fari, cikin garin Bauchi (jikansa ne ya rubuta masa):
Ɗana, Malam ya yi magana a kan ƙarfen, ni a kan gudumar zan tsaya. A maƙera ba kowane abin bugu ake kira guduma ba. Akwai masaba, ita ce babba ta dukan jan wuta a kan uwar maƙera. Akwai muntalaga, ƙarama, ta aikin da ke son hannu mai sauƙi. Abin da ka kwatanta muntalaga ce sak. Don me za mu ƙago sabuwa alhali ga ta a gida tana neman ɓacewa? Iyayenmu kuma suna da kalmar gaci a kan irin waɗannan ƙarafa, amma ban ba ka shawarar ta ba, domin yaron yanzu in ka ce gaci sai ya tsaya kallon ka.

Batun samu kuwa, kada ka wahalar da kanka da jiran saƙo daga ƙasar waje. Je wajen 'yan gwangwan ka nemi tsohon kan famfo mai nauyi, ko tsohon kwaɗo, ko in ka yi sa'a guntun sanda ta tagulla. Tafi da maganaɗisu da magagari. In maganaɗisu ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, ajiye musu abinsu. In bai kama ba, goga magagari ka duba ciki: ja jan ƙarfe ne, fari kuma wani gami ne mai arha da aka shafe, rawaya har ciki shi ne naka. Guntun sanda ya fi, a yanka, a huda, a sa ƙota, an gama. In narkawa za a yi, a yi ta a fili inda iska ke kaɗawa, domin farin hayaƙin nan da ke tashi tutiya ce ke ƙonewa, kuma yana sa zazzaɓi. Mutanen Bida da suka gaji wannan aiki sun san haka.

Makanike, Gombe:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ina bayansa. Mu ma muna da irinta a gareji, amma tamu ta kilo 1 ce ko 2, muna fitar da ƙarfen da ya cije ba tare da mun ɓata bakinsa ba. Kuma ba ta tartsatsi kamar baƙin ƙarfe, shi ya sa ake son ta a inda ake aikin mai da gas. Idan Yaya ya aiki yaro kasuwar Muda Lawal ya ce "gudumar tagulla" kawai, irin tawa za a ba shi, ita kuwa bugu ɗaya za ta raba wuyan jita biyu. A bar mana guduma, ku riƙe muntalaga.

Mai gurmi, Darazo:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne firet ɗin nan da ake ta maimaitawa. Gurmi da garaya da molo da kuntigi duk ba su da shi, wuyansu sanda ce sumul, yatsa ne ke nemo murya. Don haka ba mu gaji sunansa ba. Amma tsirkiya tamu ce, jakin da ke ɗauke da ita ma namu ne, ku ɗauka ku sa wa jita. Shi kuma wancan, in ka kalli wuyan jita ai rake ne da gaɓoɓinsa. Ku ce gaɓa.

Kafinta, Yelwa, Bauchi:
Na gode, Allah ya saka. Gaɓa ta shige ni nan take, domin tana shiga magana ba tare da an tilasta ta ba: gaɓa ta 5 ta ɗaga, wayar gaɓa ta ƙare, gaɓa ta 12 ita ce daidai tsakiyar tsirkiya. Bambancin kawai, tazarar gaɓoɓin jita raguwa take yi in ana gangarowa, domin kullum tsawon da ya rage ake rabawa da 17.817 a samu wurin ta gaba.

Na gwada kalmar Baba a cikin umarnin da nake ba yara, ta zauna daram. A lanƙwasa wayar gaɓa ta ɗan fi katakon gantsarewa. A tallafe wuyan daga ƙasa da jakar yashi don kada bugu ya yi tsalle. A fara da gefe da gefe, sannan a bi da muntalaga zuwa tsakiya, bugu ƙanana, daga wuyan hannu. Fuskar muntalaga in ta yi kaushi a goge ta da takardar yashi mai laushi, domin duk abin da ke fuskarta shi za ta buga a kan waya. Hama ba ta ɗaukar wannan bayani. Yaro in ya ji hama, ƙusa yake tunawa, sai ya ɗaga hannu sama.

Saboda haka a shagona muntalagar tagulla ce, babbar ta gareji kuma gudumar tagulla.

Malamin Hausa, Gombe:
Na yarda da muntalaga da gaɓa. Rawaya dai ba zan janye ta ba. A cikin shago kowa na ganin abin, ba a buƙatar ta. Amma ranar da za ka rubuta wa wani a Azare ko Kaltungo yadda zai haɗa tasa, rubuta "muntalagar rawayar tagulla" ko sau ɗaya ne a farko, don kada ya je ya sayo jan ƙarfe, wanda ya fi laushi, fuskarsa ta baje tun bai gama jita ɗaya ba.

Kafinta, Yelwa, Bauchi:
Allah gafarta Malam, an karɓa: a rubuce da wajen saye za a faɗi rawaya. Saura siririn zarton da ake tsaga gurbin gaɓa da shi. Yara suna cewa zarton gaɓa, sai dai in Baba yana da wani suna a maƙera.