Agogona ya ce na ƙona kalori 520, in ci abina ko in haƙura?

Maman Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Tun da na haifi na uku jikina ya buɗe, na kai kilo 93. Da ban damu ba, sai a bikin ƙanwar maigida da muka yi anko, tela ya ce sai an ƙaro min yadi, facalata kuma ta ce a gaban mutane wai "Maman Sultan hutu ya karɓe ki." Dariya ta yi, kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma da na dawo gida kuka na yi a banɗaki. Washegari na sa ƙanena ya sayo min agogon da ke ƙirga taku, na sauke manhajar MyFitnessPal mai ƙirga kalori (ma'aunin kuzarin abinci), ta ce in ci kalori 1,500 a rana. Kullum bayan asuba ina zuwa Murtala Square in yi tattaki na awa ɗaya, wajen kilomita 5. A wata biyu na sauko 89. To yanzu sati biyar ke nan sikeli ya kafe a 89. Agogo yana nuna na ƙona 520, manhajar kuma sai ta ƙara min su a kan 1,500 ɗin, ta ce ina da sauran abinci. Ni kuma ina ci, don wallahi in na dawo har jiri nake gani. Tambayata: ana cin abin da aka ƙona ne ko ba a ci? Bikin ƙanwata saura wata uku.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Ba a ci. Ki ɗebo ruwa da guga ki dawo ki mayar da shi da guga, yaushe rijiya za ta ragu? Ni na sauke kilo 18 kuma ban taɓa kallon agogo ba. Ki kashe wannan ƙarin a manhajar yau ɗin nan.

Ummu Nana:
Sannu Maman Sultan. Ni dai facalar taki ce ta ba ni haushi. Irin su ne ke sa mutum ya tsani zuwa taron dangi. Tawa har hotona ta tura wa mutane tana tambayar wai ko ciki ne.

Maman Sultan:
Anti Bilki ai ba wani abu nake ci ba fa. Fura ce da nono kofi ɗaya, sai ɗan gyaɗa a mota, wani lokacin ƙosai guda biyar. Ba na shan lemon kwalba tun watan azumi.

Anti Bilki:
Fura! Da sukari ko babu?

Maman Sultan:
Cokali biyu ne kawai.

Nas Hauwa:
Bari in ɗan sa baki, don kowa a cikinku yana da rabin gaskiya. Matsalar farko lambar agogon ce. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agogunan guda bakwai a jikin mutum 60. Bugun zuciya suna kama shi daidai gwargwado, amma a ƙirgen kalori wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Mace mai nauyinki in ta yi tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya, abin da ta ƙona bai fi 300 da 'yan kai ba. A cikin 300 ɗin ma akwai wajen 90 da ko kina kwance a gado jiki zai ƙona su don numfashi da bugun zuciya, kuma an riga an lissafa su a cikin abincinki na rana. Ke nan ribar tattakin wajen 220 ce, ke kuma kina cin 520. Abu na biyu, ki duba lokacin da kika buɗe manhajar, me kika zaɓa a wurin da ta tambayi yawan kai-komonki? In kin ce mata kina yawan motsi saboda tattakin nan, ta riga ta sa shi a lissafi, sai ga shi kina sake ƙarawa. Kin ci sau biyu ke nan. Kuma gyaɗar da kike rainawa, giram 100 ya haura kalori 560, ƙosai kuma a mai ake tsamo shi, babban cokalin mai ɗaya 120 ne. Ni shawarata ki ci rabin abin da agogo ya ce, ki riƙe haka sati uku ki ga abin da sikeli zai yi. Amma jirin nan ya dame ni. Kina karyawa kafin ki fita? Tsawonki nawa? Yaron naki wata nawa?

Anti Bilki:
Rabi ma me ya kawo shi? Yunwa ba ta kisa a awa biyu. Ta sha ruwa. Mu da muke azumin Litinin da Alhamis muna aikin gida ba mu faɗi ba. Matsalar matan yanzu son jiki, a yi taku ɗari a nemi lada a kwano.

Maman Twins:
Ku dai kuna da sauƙi. Ni duk ranar da na ɗaura niyya, ranar ce maigida zai shigo ƙarfe goma na dare da tsire da gurasa, in ban ci ba ya ce na raina abin da ya kawo. Shi kuma tumbinsa har ya hana shi ganin ƙafarsa amma ni yake wa gori. Na gaji wallahi.

Maman Sultan:
Nas na gode, amma agogon nan ba ƙaramin kuɗi aka saye shi ba, ba irin na bakin titi ba ne. Kuma gumin da nake yi sai kin gani, hijabina har matse shi nake. Ba na karyawa kafin in fita, in na ci abu cikina murɗawa yake. Yaron watansa takwas, yana shan nono.

Nas Hauwa:
Au! Shayarwa kike? To ai wannan ya kamata ki fara faɗa. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kalori wajen 300 zuwa 500 a rana, kin gaya wa manhajar? 1,500 da tattakin awa ɗaya da ciki wayam ga kuma goyo, dole ki ga jiri. Kada ki bi maganar kashe ƙarin gaba ɗaya sai kin je asibiti an duba jininki da hawan jini. Gumi kuma zafin Kaduna ne da hijabi, ruwa ne ke fita, kina sha zai dawo.

Anti Bilki:
Ni ma ina goyo na rage nawa, nono bai ƙafe ba. In 1,500 ta yi mata kaɗan me ya sa sikeli bai motsa ba sati biyar? Ku ba ni amsa. Tana cin abin da ba ta rubutawa, shi ke nan. Lomar da ake ɗanɗanawa a tukunya, ragowar indomin yara, wa ke rubuta su?

Nas Hauwa:
Wannan kam zai yiwu, kusan kowa yana rubuta ƙasa da abin da ya ci. Amma ana iya cin da yawa da yamma kuma a ga jiri da safe, ba sa hana juna. Ga ruwan da jiki ke riƙewa da gishiri ko rashin barci, yana ɓoye kilo ɗaya cur.

Hajiya Ƙarama:
Ni dai kar wadda ta ce miki ki sayi shayin rage ƙiba. Na saya wurin wata dubu goma sha biyar, kwana uku ina zaryar banɗaki, na rage kilo biyu, sati bai zagayo ba suka dawo da ƙannensu. Da na yi mata magana ta toshe ni.

Maman Sultan:
Anti Bilki ni ba na cin ragowar yara, komai ina rubutawa, sai dai miya da ban san yadda ake auna ta ba, da abincin gidan suna, shi ma ba kullum ba ne. Furar kuma ba zan iya bari ba gaskiya, Inna ta ce ita ke kawo ruwan nono. Asibiti kuma na je watan jiya rigakafin yaro ba su ce min komai ba. Ina ganin ko in ƙara tattakin ya zama awa ɗaya da rabi, sai agogon ya ba ni 700?

Anti Bilki:
Ki ci 700 ɗin ko? To Allah ya kai mu bikin.

Ummu Nana:
Maman Sultan don Allah agogon naki wane iri ne, kuma nawa ƙanin naki ya sayo?