Me za mu kira "whistleblower" da Hausa?

Tsohon Edita:

Assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmar whistleblower, domin yanzu kowane ɗakin labarai da abin da yake faɗa. Wasu su ce mai kwarmata bayanai, wasu mai fallasa, wasu mai tsegumi, har da masu cewa mai busa usur. Na ƙarshen nan mu ajiye shi tun yanzu. Wanda ya ji usur a labarai filin ƙwallo zai tuna.

Kafin a kawo suna, mu fara sanin mutumin. Na ciki ne, ma'aikaci ko ɗan kwangila, a bakin aikinsa ya ga abin. Abin da ya gani kuma ɓarna ce: sata, karya doka, yaudarar jama'a, ko haɗarin da ake ɓoyewa. Sannan nufinsa a tsayar da ɓarnar. Ma'aunina shi ne Daniel Ellsberg. Ya yi aiki a kan rahoton sirri na ma'aikatar tsaron Amurka game da yaƙin Biyetnam, ya kwafi shafi kusan 7,000, ya fara kai wa 'yan majalisar dattawa ba su yi komai ba, sai ya ba jaridar New York Times ta fara bugawa a Yunin 1971. Ko a lokacin, kundi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu ya riƙe su bai ba jarida ba. Kalmar da muke nema dole ta zauna wa irin wannan mutum daidai, ta kuma ƙi zama wa wanda ya sayar wa wata ƙasa sirrin ƙasarsa.

Mai Fassara:

Wa alaikumus salam, Malam. Tsegumi ba ya cikin lissafi, shi da gulma da annamimanci gidansu ɗaya. Ɗan rahoto da infoma kuwa sama suke kai magana, wurin hukuma, a kan talaka. Namu mutumin sau da yawa hukumar ce yake kai wa jama'a ƙara.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce mai tona asiri. A ma'ana ta yi daidai, amma a kunne ta faɗi. Mu mutane ne da kullum addu'armu Allah Ya rufa asiri, kuma wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri shi ake yabo. In mai karanta labarai ya ce an kama mai tona asiri, rabin masu sauraro sun riga sun yanke masa hukunci kafin a kai ƙarshen jimla. Fallasa ita kaɗai ma tana da wannan nauyin, don mutum ake fallasawa, a kunyata shi.

Wasu harsunan ta ɓangaren gargaɗi suka bi. Faransawa suna cewa mai tayar da gargaɗi, mutanen Holan kuma mai kaɗa ƙararrawa. In muka bi sahunsu, sai mu ce mai ankararwa. Ina son ta don ba ta zargin kowa, sai dai ta yi faɗi: hukumar hasashen yanayi ma ankararwa take yi. Ni dai na fi karkata ga mai kwarmato, tunda ta riga ta zauna a kunnen masu sauraron rediyo.

Barista:

Malama, a nan zan saɓa miki. Kwarmato da ƙarfi ake yin sa, a bainar jama'a. A doka kuwa, yawancin waɗanda ake ba kariya ba su taɓa zuwa wurin ɗan jarida ba. Dubi dokar Tarayyar Turai ta 2019: duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 50 zuwa sama dole ta buɗe hanyar kai rahoto ta cikin gida, ta shaida wa mai rahoton an karɓa cikin kwana 7, ta ba shi bayanin matakin da aka ɗauka cikin wata 3. Yana iya zuwa wurin hukumar da ke kula da fannin. Fita bainar jama'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma ana kare shi ne idan ya kai rahoto an yi biris, ko akwai haɗarin da ba zai jira ba, ko yana da dalilin tsoron ramuwar gayya. Dokar Birtaniya ta 1998 ma hawa-hawa take, kowane mataki sharuɗɗansa sun fi na baya tsauri. To akantan da ya rubuta wa mai binciken kuɗi takarda a rufe, da wace fuska za a ce masa mai kwarmato?

Akwai kuma masu karɓar lada. A Amurka, hukumar kula da kasuwar hannun jari tana biyan kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari idan tarar ta haura dala miliyan ɗaya. Tsarin da Najeriya ta ɓullo da shi a Disambar 2016 ya ware kashi 2.5 zuwa 5 na kuɗin da aka ƙwato. Waɗannan ma a asirce suke kai magana.

Shawarata a gyara fallasa ta hanyar ba ta abin da za ta faɗa wa: mai fallasa ɓarna. Da zarar an ce ɓarna, nauyin ya tashi daga kan asirin mutum ya koma kan laifin. Jam'inta ba wahala, masu fallasa ɓarna, dokar kuma dokar kare masu fallasa ɓarna.

Mai Fassara:

Barista, na ji daɗinta a baki. Amma in jarida ta kira mutum haka ran farko, ba ta riga kotu cewa an yi ɓarnar ba?

Barista:

Tambayar tana kan hanya. Dokokin da na ambata ba sa neman mai rahoto ya tabbatar da laifi, abin da suke nema ya kasance yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata abin da ya faɗa a lokacin da ya faɗa. Saboda haka a rubutun doka kalmar ba ta da matsala, tunda za a fayyace ta a sashen ma'anoni. A labari kuwa sai a yi yadda ake yi wa kowane zargi, a ce ma'aikacin da ya ce ya gano ɓarna, har a tantance takardunsa.

A kuma lura, sunan ba ya ceton mutum idan takardar ta tsaron ƙasa ce. Dokar leƙen asiri ta Amurka ta 1917 ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi. Da ita aka yanke wa Chelsea Manning, sojar Amurka da ta fitar da takardun sirrin soja da na jakadanci, shekara 35 a 2013, kafin Obama ya sassauta hukuncin a 2017, da ita kuma ake tuhumar Edward Snowden, wanda ya kwarmata yadda Amurka ke leƙen sadarwar jama'a, tun 2013. Dokar sirrin gwamnati ta Birtaniya ta 1989 ita ma haka. Katharine Gun, wadda ta fitar da takardar neman a saurari wayoyin wakilan wasu ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya gab da yaƙin Iraƙi, ta kuɓuta ne don masu gabatar da ƙara sun janye a Fabrairun 2004. Masu gabatar da ƙara za su so a kira irin waɗannan 'yan leƙen asiri. Ɗan jaridar da ya ari wannan suna ba tare da jingina shi ga mai faɗarsa ba, ya shiga shari'ar a ɓangare ɗaya.

Injiniya:

Ni ta ɓangaren shafukan zan shigo, don ana haɗa abu biyu a suna ɗaya. Akwai irin WikiLeaks, wanda Julian Assange ya kafa a 2006: yana karɓar takardu kuma shi da kansa yake wallafa su. Wannan shafin kwarmata bayanai ne, sunan ya dace da shi, kada a taɓa. Akwai kuma irin SecureDrop da GlobaLeaks, waɗanda ba sa wallafa komai. Ƙofa ce kawai da jarida ko hukuma take buɗewa don a miƙo mata takardu ba tare da ta san mai miƙowa ba. Wannan ni akwatin sirri nake ce masa.

Ga yadda SecureDrop yake aiki. Majiya za ta sauke manhajar Tor, wadda ke bi da saƙo ta kwamfutoci uku, kowacce ta san wadda ta miƙo mata da wadda za ta miƙa wa kawai. Ta shiga adireshin jaridar na musamman, shafin ya ba ta jerin kalmomi a matsayin sunan ɓoye. Ba imel, ba lambar waya. Da waɗannan kalmomi za ta dawo ta ga amsa, in ta manta su kuwa babu mai iya dawo mata da su. Takardun suna kullewa da zarar sun sauka, kuma kwamfutar da ke karɓarsu a ofishin jaridar take, ba a hannun wani kamfani da za a iya aika wa sammaci a ɓoye ba. Ɗan jarida ya sauke su a kulle, ya ɗauka a filas zuwa wata kwamfuta da ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, can mabuɗin yake, can ake buɗewa.

Duk da wannan tsari ana kama mutane, kuma ba kasafai ta hanyar fasa manhajar ba. Takardar ce take tona mai ita. Fayil yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da ranar da aka gyara, hoton waya yana iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Firintoci masu launi da yawa suna buga ƙananan ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa da ido ba ya gani, masu nuna lambar injin da lokacin bugawa. Sannan ma'aikata tana da rajistar wanda ya buɗe kowane fayil.

Abin da ya faru da Reality Winner a 2017 ya isa darasi. Ta buga rahoton sirri na NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Wajen neman tabbaci aka nuna wa gwamnati kwafin, jami'ai suka ga alamar ninki suka gane bugawa aka yi. Suka duba rajista, mutum shida ne suka buga, ita ce a cikinsu ta taɓa musayar imel da jaridar daga kwamfutar ofis. Masu bincike daga baya sun karanta ɗigon firinta a jikin kwafin da aka wallafa. An ɗaure ta shekara biyar da wata uku. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada a nuna wa kowa ainihin takardar: a sake rubuta abin da ke ciki, a karanta wa jami'i a baki. Ita kuma majiya kada ta taɓa amfani da kwamfuta ko intanet na wurin aiki, kuma ta tambayi kanta mutum nawa ne suka ga takardar nan. In uku ne, Tor ba zai yi mata maganin komai ba.

Tsohon Edita:

Madalla, Injiniya. Bayaninka ya nuna mini kalmomin biyu duk muna buƙatarsu, kowacce da aikinta. Kwarmata ta tsaya wa aikin fitar da abin da aka ɓoye, ko da wace niyya, don minista ma yana kwarmata takarda in yana son kayar da abokin hamayya. Mai fallasa ɓarna kuma ta tsaya wa mutumin da muka siffanta a farko. Na karɓi ta Barista.

Tsakanin mutumin nan da mai karatu akwai aikin jarida da Turawa ke kira watchdog, wato karen gadi. Karen gadi ba zai shiga bakin kowane ɗan jarida ba, kuma mai gadi ma mai gida yake yi wa aiki. Aikin sa ido ya wadatar: jarida mai sa ido a kan masu mulki. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne tacewa. A Satumban 2011 wasiƙun jakadancin Amurka sama da 250,000 da ke hannun WikiLeaks suka fita ba a shafe sunan kowa ba, bayan kalmar sirrin fayil ɗin ta fito a wani littafi alhali kullallen fayil ɗin yana yawo a intanet. Sunayen mutanen da suka yi magana da jakadu a ƙasashen da magana ke kai mutum kurkuku suka bayyana. Sai a gwada da Takardun Panama na 2016: fayil miliyan 11.5 daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca, 'yan jarida sama da 300 suka yi kusan shekara suna tantancewa, aka nemi jin ta bakin waɗanda aka ambata, ba a zube tarin a intanet ba. Firaministan Iceland ya sauka cikin 'yan kwanaki, majiyar kuma har yau ba a san ko wace ce ba.

Mai Fassara:

Na bi ku, Malam, da sharaɗi ɗaya. A kanun labari kalma uku tana da tsawo, za a riƙa yanke ta a ce mai fallasa, mu koma inda muka fito. In wuri ya yi ƙaranci, gara a juya ta aikatau: "Ma'aikaciya ta fallasa ɓarna a hukumar lafiya". Ɓarnar kada ta faɗi daga jimlar.

Barista:

Sharaɗin ya yi. Saura kalmar da ke ɗaya gefen, wato abin da gwamnati take ɓoyewa. A nan a ce sirri, kada a ce asiri, saboda dalilin da Malama ta kawo. Takardun sirrin gwamnati a Amurka hawa uku ne, za mu iya cewa sirri, babban sirri, da ƙololuwar sirri, gwargwadon illar da ake ganin fitarsu za ta yi wa tsaro. Umarnin shugaban ƙasa na 2009 da ya tsara su ya hana a buga wa takarda hatimin sirri don ɓoye karya doka, ko gazawar aiki, ko abin kunya, ya kuma ce yawancinsu su buɗe da kansu bayan shekara 25. Matsalar ita ce jami'in da abin ya shafa sau da yawa ma'aikatarsa ce ke riƙe da hatimin. Don haka in aka kawo wa edita takarda mai hatimi, tambayoyinsa biyu ne: wa zai cutu in an buga, kuma me hatimin yake karewa. In sunan majiya ne ko wurin da sojoji suke, a shafe. In kwangilar da aka ninka kuɗinta ce, a buga, bayan an ba ma'aikatar wa'adi a rubuce ta kawo amsarta.