Zan yi hutun sabuwar shekarar Sinawa a Ningxia: shin ruwan shanzha yana hana ƙiba?

Maman Hanifa, Xi'an

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Xi'an, ga shi hutun bikin bazara, wato sabuwar shekarar Sinawa, ya matso. Wata ƙawata Musulma 'yar ƙabilar Hui ta sake gayyata ta gidansu a Ningxia, wajen Wuzhong, inda na yi hutun bara. Su ba bikin addini suke yi ba, amma da yake kowa yana gida, lokacin ne dangi ke haɗuwa, a ɗaura aure, a yi ta zumunci gida-gida. Duk inda muka shiga sai an dire mana dafaffen naman rago da ake ci da hannu, da youxiang da sanzi, waɗanda duk soyayyar fulawa ce, ga shayin babao da ake jefa wa dunƙulen sukari da busassun 'ya'yan itace. Baƙo kuma ba a barin kwanonsa ya yi ƙasa. Ga sanyin da ba ya barin mutum ya leƙa waje. Na dawo da ƙarin kilo kusan 3, har yau bai gama sauka ba.

Abin yana damuna ƙwarai, domin mahaifiyata tana fama da ciwon suga, ni ma likita ya ce sukarin jinina yana bakin iyaka.

Kakar ƙawata takan tafasa mana busasshen shanzha bayan cin nama, wani ɗan itace ja mai tsami, ta ce yana narkar da maiƙo. A kantin magani an nuna mini ƙwayoyin Baohe Wan, a intanet kuma shayin rage ƙiba ba ya ƙirguwa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini: a cikin waɗannan wanne ne yake aiki, wanne ne zai cuce ni?

Alhajin Xiaobei, Guangzhou

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ke kaɗai ba ce, su kansu Sinawa suna da zancen da suke yi cewa duk biki sai mutum ya ƙara jin 3, jin ɗaya kuwa rabin kilo ne.

Ni ɗan kasuwa ne, ban karanci magani ba, abin da na gani zan faɗa. Mutanen Guangdong ba sa tashi daga cin abinci mai maiƙo sai da shayin pu'er, wanda ake kawowa daga Yunnan, sau da yawa a haɗa shi da chenpi, wato ɓawon lemo da aka busar aka ajiye shekaru. Na garin Xinhui ya fi suna, kuma sai ya shekara 3 kafin su yarda ya cancanci sunan. Babu sukari, babu madara. Tun da na koma shan sa na daina lemon kwalba, tumbina ya ragu, nauyin da nake ji bayan cin nama ya tafi. Ni dai na yarda yana yanke kitse.

Ki tafi da naki ganyen. Idan aka miƙo babao, ki roƙa a zuba miki ba tare da sukarin ba, ai dunƙule ne, a hannu ake sa shi. Kuma ki riƙa duba abin da ke cikin duk maganin da za ki saya. Akwai wanda ake jiƙawa a giya, akwai mai sassan dabbobi, akwai ejiao da ake yi da fatar jaki, wanda saboda shi ne jakunanmu suka yi tsada har Nijar ta hana fitar da su a 2016.

Sadiya, ɗalibar likitancin gargajiya, Nanjing

Anti Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Wannan fannin nake karanta, bari in ɗan tsawaita.

Kakar nan ba ta yi kuskure ba, sai dai abin da take nufi daban ne da abin da kike nema. A likitancin Sin akwai abin da ake kira shiji, wato abinci ya tsaya a ciki bai narke ba: kumburi, gyatsa mai tsami, ƙwarnafi, harshe ya yi kauri da fari-fari, mutum ya ji ba ya son ganin abinci. Shanzha maganin wannan ne, musamman idan nama da maiƙo suka jawo shi. Idan taliya ce da fulawa, tsiron sha'ir ake ba mutum, wanda suke kira maiya. Na ukunsu shi ne shenqu, wani curi da ake yi da fulawa da ganyayyaki a bar shi ya yi tsami. Idan aka soya ukun har suka ɗan ƙone aka haɗa, shi ne Jiao Sanxian da za ki samu a kowane kantin maganin gargajiya.

Baohe Wan kuma haɗin likita Zhu Danxi ne, wanda ya rayu daga 1281 zuwa 1358, zamanin daular Yuan. A ciki akwai shanzha da shenqu da chenpi da irin radish da wasu magungunan gargajiya uku, fuling da banxia da lianqiao. Ana shan sa kwana biyu ko uku idan an yi cin da ya wuce kima, ciki ya sauka a daina. Malamanmu ba sa koyar da shi a matsayin maganin ƙiba. Ki ma lura da wani abu: maganin da ya sauke miki kumburi yakan buɗe miki ciki, ki ji yunwa da wuri. Shi ya sa ake ba yaran da ba sa cin abinci shanzha.

Ƙiba a wajensu wani babi ne. Suna cewa saifa ce ke juya abinci ya zama ƙarfi (ba saifar da likitan tiyata ke gani ba, duk aikin narkewa suke nufi), idan aka yi mata lodin zaƙi da maiƙo da abu mai sanyi sai ta gaza, danshi da majina su taru a jiki. Ko mutum bai karɓi wannan bayani ba, shawarar da ta fito daga cikinsa mai kyau ce. A ci abinci da ɗumi. A tsaya idan ciki ya kai kashi 7 cikin 10, wato lokacin da yunwa ta tafi amma da sauran wuri. A sassauta cin dare. Sun Simiao, babban likitan zamanin daular Tang, ya yi ta nanata a taka a hankali bayan an ci, a shafa ciki da tafin hannu, kada a kwanta da ƙoshi. Har yau tsofaffi suna cewa taku 100 bayan abinci yana kai mutum shekara 99. Idan sanyin Ningxia ya hana ki fita, ki koyi baduanjin, motsi 8 ne da ake yi a tsaye a cikin ɗaki, minti goma sha wani abu ya isa. Ina da yaƙinin kakar ta iya, ki ce ta koya miki, za ta ji daɗi.

Game da shanzha, ki sha ruwan busasshensa kawai. Tanghulu da sauran alewar shanzha sukari ne zalla, ba naki ba ne. Kada ki ci ɗanyensa da yawa da yunwa, balle a haɗa da kanyar Sin, domin sukan dunƙule su zama kamar dutse a ciki, kuma asibitocin arewacin ƙasar nan suna ganin haka da hunturu. Mai juna biyu an saba hana ta shi.

Dakta Abban Yusra

Malama Sadiya ta yi bayani mai kyau. Alhaji, da girmanka, ina ganin barin lemon kwalba ne ya rage maka tumbi fiye da pu'er ɗin. Amma ka ci gaba da sha, shayi marar sukari ba ya da laifi.

'Yar'uwa, shayin intanet ɗin nan ne ya sa na tsaya rubutu, don a sashen ƙoda nake aiki. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta ƙasar Beljiyam ya ba mata wani haɗi, aka yi musanyar saiwa, wata mai guba da ake kira Aristolochia ta shiga maimakon wadda aka nufa. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya sankarar hanyar fitsari ta kama su. Mahuang, wanda a gargajiyance na mura da asma ne, an mai da shi maganin rama har Amurka ta hana sayar da shi a haka a 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Sibutramine, wani maganin rage ƙiba na asibiti, an janye shi daga kasuwa a 2010, a Sin ma haka, amma har yanzu ana kama shi a ɓoye cikin shayi da kafso da aka rubuta wa "ganye zalla". Mafi sauƙinsu kuwa dangin filasko ne a ciki. Zawo za ki yi, sikeli ya nuna kin ragu, alhali ruwa ne ya fita.

Idan za ki sayi maganin gargajiya, ki shiga kantin magani na gaske, ki duba lambar rajista a kwalin, wadda ke farawa da Guoyao Zhunzi sannan harafin Z. Kuma ki nuna wa likitanki, don yawancin manyan ƙwayoyin nan da zuma ake murza su.

Wani bincike a Amurka da aka buga a 2000 ya bi mutum 195, ya gano abin da ake ƙarawa a hutun ƙarshen shekara bai kai rabin kilo ba a matsakaici, sai dai ba ya sauka, yana taruwa shekara bayan shekara. A Birmingham ta Ingila kuma, a 2018, an nuna waɗanda aka sa su riƙa hawa sikeli aƙalla sau 2 a mako lokacin Kirsimeti sun fita hutun da kusan rabin kilo ƙasa da sauran. Ki tambayi ƙawarki ko akwai sikeli a gidan.

Maman Hanifa, Xi'an

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Shayin intanet na fasa. Saura abu ɗaya: yaya zan ce na ƙoshi ba tare da na ɓata wa masu gida rai ba? Mutanen nan sun riƙe ni kamar 'yarsu.

Sadiya, Nanjing

Anti, kada ki cinye kwanonki tas, a can kwano wayam yana nufin a ƙara miki. Ki ci a hankali, ki yabi girkin, ki bar ɗan saura. Kuma tun ranar da kika sauka ki sami kakar ita kaɗai ki gaya mata abin da likita ya ce game da sukarinki da ciwon Mama. Idan ta ji, ita da kanta za ta riƙa tare hannun masu zuba miki.