Shawarwari ga mai shirin zuwa bikin Oktoberfest a Munich

Sabon ma'aikaci a Nürnberg:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Abokan aikina sun shirya zuwa bikin Oktoberfest a Munich, wato babban bikin giya da ake yi duk shekara a nan Jamus, kuma shugaban sashenmu ya saka sunana cikin waɗanda aka kama wa teburi, alhali ni ba na shan giya, ga shi kuma ina jin nauyin in ce ba zan je ba tun da ban daɗe da kama aiki tare da su ba. Bayan wannan, maiɗakina tana so mu koma wata rana daban tare da 'yarmu mai shekara uku domin ta ga wasannin yara. Ina neman shawarar waɗanda suka san wurin game da lokacin da ya fi dacewa, da abin da mutum zai iya ci ko sha, da kuma hanyar da ta fi sauƙi.

Malami mazaunin Munich:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, duk da sunan bikin, yawancin kwanakinsa a watan Satumba suke. Ana buɗe shi ranar wata Asabar bayan tsakiyar Satumba, a rufe a Lahadin farko ta Oktoba, sai dai in Lahadin ta faɗo kafin 3 ga Oktoba, ranar haɗewar Jamus, to sai a ƙara kwana har zuwa ranar. Asalinsa bikin aure ne: a shekarar 1810 yarima Ludwig na Bavariya ya auri gimbiya Therese, aka yi sukuwar dawaki a wani fili a bayan gari, filin da har yau yake ɗauke da sunanta, wato Theresienwiese, kuma a nan ake yin bikin. Shiga filin kyauta ne, shiga manyan rumfunan giya da ke cikinsa ma kyauta ne, abin da ka ci ko ka hau ne kawai za ka biya.

Game da lokaci, bambancin safiyar Talata da daren Asabar ya kai a ce wurare biyu ne daban. Mutum miliyan shida zuwa bakwai ne suke zuwa cikin makonni biyu da 'yan kwanaki, kuma mafi yawansu a ƙarshen mako suke tururuwa, musamman ƙarshen mako na tsakiya da 'yan Italiya suke cika gari. A wata Asabar ta 2025 sai da aka rufe ƙofofin filin na ɗan lokaci saboda cunkoso ya wuce kima. Amma a ranakun aiki, daga ƙarfe goma na safe da ake buɗe rumfuna har zuwa wajen la'asar, tsofaffi da iyalai da ma'aikatan da suka fito cin abincin rana ne za ka fi gani, kuma doka ta hana makaɗan rumfa ɗaga sauti sosai kafin ƙarfe shida na yamma. Saboda haka ka fara tambayar abokan aikinka ko teburin na rana ne ko na dare, domin amsar tambayarka kusan duka tana nan.

Baba daga Hamburg:
Ɗana, zan faɗa maka abin da nake gani ko da ba zai yi daɗin ji ba. Rumfar nan ba gidan abinci ba ce da ake sayar da giya a gefe, giyar ce dalilin kafa ta, kuma kamfanonin giya shida na Munich ne kaɗai aka yarda a sayar da kayansu a ciki. Hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne, ba sai na tuna maka ba. Na daɗe ina aiki da Jamusawa, kuma abin da na lura da shi shi ne suna girmama mutumin da ya faɗi matsayinsa kai tsaye tun da wuri fiye da wanda yake kame-kame har ranar ta zo. Ka ce wa shugabanka ka gode da gayyata, amma addininka bai ba ka damar zama a rumfar giya ba, ka faɗa masa yanzu tun yana da lokacin ba wa wani kujerar, domin an riga an biya kuɗinta.

Hajiya ma'aikaciyar jinya a Augsburg:
Maganar Baba tana kan hanya, kuma kowa ya san abin da zuciyarsa za ta natsu da shi, ni dai ba na shiga rumfunan. Sai dai ina so a bambanta rumfuna da sauran filin, domin kusan rabin wurin kayan wasa ne da shagunan alawa, kuma nan ne maganar iyali ta shigo. Ku zaɓi ranar Talata, ita ce ranar iyali, ana rage kuɗin hawa kayan wasa da yawa. Ku lura da dokar keken jariri: ba a shiga da shi ranar Asabar da ranar 3 ga Oktoba gaba ɗaya, sauran ranakun kuma ƙarfe shida na yamma ne iyakarsa. Jaka ma tana da doka mai tsanani tun 2016, duk wadda ta wuce cin lita uku, wato kimanin santimita 20 da 15 da 10, ba za ta wuce ƙofa ba, sai dai a ajiye ta a wurin ajiya a biya kuɗi. Mace mai yaro ta san irin takurar da wannan yake jawowa, don haka maiɗakinka ta rage kaya tun daga gida. Kwalbar gilashi ma haramun ce a filin, amma akwai famfunan ruwan sha na kyauta, sai ku riƙe ƙaramar gorar roba.

Wurin da na fi ba ku shawara shi ne Oide Wiesn, wani sashe da aka killace a kudancin filin, wanda aka fara a 2010 lokacin cikar bikin shekara ɗari biyu. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, yara ƙanana kuma kyauta, kuma a ciki akwai tsofaffin lilo na katako masu dawakai da kuɗin hawansu bai taka kara ya karya ba. Babu turereniya irin ta babban titi, yarinya za ta iya tafiya da ƙafarta. Ku rubuta lambar wayarku a takarda ku saka mata a aljihu ko a ɗaura mata a hannu. Tudun ciyawar da ke bayan rumfuna ta wajen babban mutum-mutumin Bavaria kuwa ku kauce masa daga yamma, domin nan waɗanda suka bugu suke zubewa, ba abin da ya dace yaro ya gani ba ne.

Yaya ɗan Jos mazaunin Munich:
Ni Kirista ne, kuma nakan raka baƙin kamfaninmu cikin rumfuna, don haka bari in bayyana yadda ciki yake domin ƙanenmu ya yanke hukunci da sani. Manyan rumfuna goma sha huɗu ne, wasunsu suna ɗaukar mutum dubu shida ko fiye a ciki kaɗai, ga ƙanana kusan ashirin. Ba a kama kujera ɗaya, teburi guda ake kamawa na mutum takwas zuwa goma, kuma a biya tun farko da takardun abinci, galibi kofi biyu na giya da rabin kaza ga kowane mutum. Takardar giyar ana karɓarta a madadin lemo, ka tambayi mai kawo abinci. Galibi ba a ba wa wanda yake tsaye abin sha, sai kana da wurin zama, kuma ku riƙe tsabar kuɗi domin ba ko'ina ake karɓar kati ba, ga tukwici da ake sa ran a bayar duk zagaye.

Kofin da ake kira Maß lita ɗaya yake ci, a 2025 kuɗinsa ya kama daga yuro 14.50 zuwa 15.80, kuma giyar bikin ta fi ta kullum ƙarfi, tana kai kashi shida cikin ɗari, abin da yake kayar da baƙi da yawa tun kafin magariba. Ga wanda ba ya sha, akwai Spezi, wato kola da aka haɗa da lemon zaƙi, da Apfelschorle, ruwan tufa mai gas, da ruwa zalla, kuma kada ka ɗauka za su yi araha, lita ɗaya takan wuce yuro goma. Ka kiyayi Radler, domin mutane sukan miƙa wa baƙo shi a matsayin abu mai sauƙi, alhali rabinsa giya ne. Giyar da aka rubuta mata alkoholfrei, wato marar barasa, ita ma doka ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Kusan duk bayan 'yan mintuna makaɗa suna buga waƙar da kowa yake ɗaga kofi a kara da na maƙwabci, kuma babu wanda zai duba abin da ke cikin naka. Da dare ana hawa benci ana rawa, amma hawa teburi yana sa a fitar da mutum, haka ma shan taba a ciki, kuma fita da kofi sata ce da ake kai mutum wurin 'yan sanda a kanta.

Hajiya ma'aikaciyar jinya a Augsburg:
Tun da Yaya ya taɓo abin sha, bari in ƙara na abinci, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Schweinshaxe da Schweinsbraten naman alade ne, kusan duk tsiran alade na wurin ma haka, har da farin da ake kira Weißwurst, wanda ake cewa na maraƙi ne amma da kitsen alade a ciki. Kaza da naman sa da ake gasawa a rumfar Ochsenbraterei ba yankan Musulmi ba ne, wannan kuma ya rage ga fatawar da mutum yake bi. Abin da ba shi da rigima shi ne kifin Steckerlfisch: za ku ga an tsire kifaye a sanduna an jera su a karkace a gefen dogon ramin gawayi kusa da rumfar Fischer-Vroni, fatarsu tana ƙonewa tana ɗigar mai, ana auna shi a naɗe muku a takarda, ba sai kun shiga ciki ba. Ku haɗa shi da babban burodin Brezn mai gishiri. Käsespätzle taliya ce da cuku da soyayyar albasa, amma ku ce ohne Speck, wato ban da naman alade, domin wasu suna barbaɗa naman alade. Cukun Obatzda sau da yawa ana kwaɓa shi da ɗan giya, miyar nama mai duhu ma haka, don haka tambaya ta zama dole. Idan duk wannan ya dame ku, titunan da ke tsakanin babbar tashar jirgi da filin, kamar Goethestraße da Landwehrstraße, cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa, ku ci ku ƙoshi kafin ku ƙarasa.

Ɗaliba a Ingolstadt:
Game da hanya, Yaya, kada ka yi tunanin zuwa da mota, babu wurin ajiyewa kuma ana tare titunan kewaye. Daga Nürnberg akwai jirgin yanki da yake ratsa garinmu ya kai Munich cikin ƙasa da awa biyu, kuma tikitin Bayern-Ticket yana aiki a kansa, mutum biyar suna iya haɗuwa a tikiti ɗaya, 'yarku kuma ba za ta biya ba. A ranakun aiki sai ƙarfe tara na safe yake fara aiki, kuma ba ya shiga jirgin ICE mai sauri. Idan kun sauka a babbar tasha, tafiyar ƙafa ta minti goma sha biyar zuwa ashirin ce, kuma ta fi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U4 ko U5 zuwa tashar Theresienwiese, inda ake matsuwa ƙwarai. Mai son jirgin ƙarƙashin ƙasa gara ya ɗauki U3 ko U6 ya sauka a Goetheplatz ko Poccistraße, ta Poccistraße ɗin ma ta fi kusa da Oide Wiesn. Ku riƙe rigar sanyi, domin rana tana iya yin zafi da azahar amma da ta faɗi sanyi yake sauka, ruwan sama kuma ba ya sallama.

Malami mazaunin Munich:
Akwai wani abu da nake ganin ya fi rumfunan kyau nesa ba kusa ba, kuma ana yinsa ne a titunan gari. A Lahadin farko ta bikin ana jerin gwanon kayan gargajiya, mutum kusan dubu tara suna tafiyar kilomita bakwai daga Maximilianstraße zuwa filin, da makaɗan algaita irin tasu, da maharba, da dawakai da aka yi wa kwalliya suna jan keke, wanda ya saba kallon hawan sallah zai ji kamar ya san wurin. Tsayawa a bakin titi kyauta ne, amma a je da wuri. A Asabar ɗin buɗewa kuma masu rumfuna ne suke shigowa da keken doki, sannan ƙarfe goma sha biyu daidai magajin gari ya fasa gangar giya ta farko a rumfar Schottenhamel, ranar kuwa ba ta mai ƙaramin yaro ba ce.

Ta fuskar tsaro, a bayan rumfar Schottenhamel ɗin akwai cibiyar da ta haɗa ofishin 'yan sanda, da ɗakin shan magani, da kuma wani keɓaɓɓen wuri na mata da 'yan mata da suka shiga damuwa ko suka rabu da abokan tafiyarsu. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 112. A babbar ƙofa za ku ga wurin tunawa da harin bam na 26 ga Satumba 1980, wanda wani mai tsattsauran ra'ayin dama ya kai, mutum goma sha uku suka mutu har da shi.

Sabon ma'aikaci a Nürnberg:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tambaya, teburin na ƙarfe biyar na yammacin Juma'a ne, don haka na gaya wa shugabana cewa zan zagaya filin tare da su kafin lokacin, idan za su shiga rumfa ni kuma in kama hanyar gida, kuma ya amince, har ya ce wani abokin aikinmu yana neman kujerar. Ni da iyali mun tsayar da Talata ta mako na biyu. Abin da ya rage mini shi ne inda zan samu Juma'a kafin in haɗu da su.

Malami mazaunin Munich:
Akwai ƙananan masallatai a unguwar da Hajiya ta ambata kusa da babbar tasha, amma suna cika da wuri ranar Juma'a, wasu har sau biyu suke yin sallar. Idan kana son wuri mai yalwa, ka ɗauki U6 zuwa Cibiyar Musulunci da ke Freimann a arewacin gari, ka ba kanka lokaci domin akwai 'yar tafiya daga tasha, bayan an idar kuma layin nan ɗaya zai dawo da kai har Goetheplatz ba tare da ka canja jirgi ba. Ka turo mini saƙo idan ka taso daga Nürnberg, in Allah ya yarda mu haɗu a can.